Ku Tambayi Anti: Wai allurar jinina za ta dawo min da gira?

Satin nan saƙonnin gira ne suka cika min waya, har na fara zargin ko haɗa baki kuka yi a wani gurup. Na zaɓi guda biyar, sauran kowa ta duba za ta tsinci amsarta a ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti ya aiki ya yara. Dan Allah ki taimaka min da shawara wlh abin ya dame ni. Shekarata 27 bikina saura wata biyu da 'yan kwanaki kuma girata ta ƙare, ba wai raguwa ba fa Anti ƙarewa musamman wutsiyar nan ta wajen kunne, tun ina sakandire nake tsige ta da ɗan ƙarfen nan sai masu kwalliya suka ƙarasa ta da reza duk biki sai an min kabin, yanzu in na wanke fuska ko madubi ba na son kalla jagira ce rufin asirina. Toh ƙawata ta turo min bidiyo a Instagram wai ana ɗibar jinin mutum a juya shi a inji sai a tsira masa a gira gashi ya fito, PRP suke ce masa, kuma akwai wata mai gyaran jiki nan cikin Kaduna ta ce tana yi da sauƙi har gida take zuwa. Gaskiya ne yana aiki? kuma zai fito kafin biki? Ni dai ba na so dangin miji su gan ni ba gira.
Amarya, Unguwar Rimi

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Bari in fara ba ki mai ɗacin tukuna. Ba zai fito kafin biki ba, kuma waccan mai zuwa gida da jaka, ki bar ta ta yi miki dilka da halawa in ta iya amma kar ki miƙa mata hannu ta ɗebi jininki.

Shi PRP ba ƙarya ba ne, abu ne da likitoci suka daɗe da sani. A cikin jininki akwai wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira filatilet, su ne in wuƙa ta yanke ki kina yanka albasa suke taruwa su toshe wurin jinin ya tsaya. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a ɗan ɗigon da ake kira maikurolita, kuma kowace ba ta wuce kwana 7 zuwa 10 a jiki sai ɓargo ya ƙera wata. Toh ba toshewa kaɗai suke yi ba, in sun isa wurin rauni suna sakin wasu sinadarai da ke umartar fata ta gyara kanta, sababbin ƙananan hanyoyin jini su tsiro. Sai likitoci suka ce tunda haka ne me zai hana a tattara su da yawa a kai su inda ake son gyara. Yadda ake yi shi ne a ɗebi jini a hannu kamar za a yi gwajin maleriya sai dai ya ɗan fi yawa, kwalba ɗaya ko biyu, a saka a injin nan na lab mai wulwulawa da gudu wajen minti 10, jan jinin ya kwanta a ƙasa, ruwa-ruwan mai kalar ɗorawa ya tashi sama, a zuƙe wanda filatilet suka fi taruwa a ciki, ana so su ninka na jinin jiki sau 3 zuwa 5, sai a bi girar da siririyar allura ana tsirawa kaɗan-kaɗan. Shikenan fa, ba wani sirri.

Ba ma dan kwalliya aka fara shi ba. Wani likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a Jami'ar Miami ta Amurka, Robert Marx, shi ya fito da shi sosai a 1998 wajen taimaka wa ƙashin da aka dasa ya kama. Daga nan 'yan wasa irin su Tiger Woods da Rafael Nadal suka yi a gwiwa, sai a 2013 Kim Kardashian ta saka hotonta fuska jina-jina, daga ranar kasuwa ta buɗe wa masu gyaran fata.

Abin da nake so ki riƙe shi ne PRP taki ne, ba iri ba ne. Ki je Kawo ki sayi buhun taki mafi tsada ki zuba a gonar da ba a shuka komai ba ki ga abin da zai fito. Kowane silin gashi yana da tushe a cikin fata, ɗan rami mai rai. In tushen yana nan amma ya galabaita yana fitar da gashi siriri kamar na jariri, taki zai iya ɗaga shi. In tushen ya mutu tabo ya rufe wurin, ko jinin gidanku gaba ɗaya aka tace ba abin da zai tsiro. Kuma ke abu biyu kika haɗa da ba ɗaya ba ne. Reza ba ta kashe tushe, a saman fata take yanka, girar da aka aske tas takan dawo cikin wata 4 zuwa 6 in an ƙyale ta (matsalar reza daban ce, ita ce mai kwalliya ta yi wa amare biyar da guda ɗaya, ciwon hanta na B ba ya buƙatar fiye da haka, ki riƙa zuwa da sabuwarki). Tsigewa ce mai ɓarna, dan duk tsigewa fizgo gashin ake daga tushe, shekara goma ana yi wasu tushen sai su gaji su daina. Wasu, ba duka ba. Ki tsaya gaban madubi da hasken rana ki duba wutsiyar girar da kyau, in kin ga 'yan gasu sirara marasa kala to akwai rai, in kuma fatar ta yi sumul tana sheƙi ba ko ɗigon rami to wurin sai addu'a.

Maganar aiki kuma, yawancin binciken da aka yi a kan gashin kai ne, masu sanƙo irin na gado maza da mata, kuma da yawa sun nuna gashin ya ƙara cika bayan 'yan watanni, sai dai mutanen da ake gwadawa ba su da yawa kuma kowane likita da irin injinsa da irin haɗinsa. A gira kam binciken ɗan kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan abin da kike gani hoton kafin da bayan ne, wanda na kafin an ɗauka a duhu ba kwalliya na bayan an taje an haska fitila. Ko hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi a matsayin maganin zubewar gashi ba, likitoci ne ke yi bisa nasu ganin. Ba kuma sau ɗaya ake yi ba, yawanci sau 3 ne wata-wata, a fara ganin canji wajen wata na 3 zuwa na 6, sannan a riƙa komawa ƙari duk bayan wata 6 ko shekara in ba haka ba ya koma gidan jiya. Dan haka duk kuɗin da aka faɗa miki ki tambaya na zama ɗaya ne ko na duka, ki ninka, ki ɗora kuɗin jirgin Rigasa in Abuja za ki. Gashin kai ma da yake sauri santimita ɗaya yake yi a wata, na gira wajen rabin haka. Kinga ke da kike da sati tara lissafi bai fita ba.

Yanzu mai zuwa gida. Za ta ce miki ai jininki ne ba wani haɗari, kuma wannan kalmar ita ta fi cutar mutane. Jininki ne lokacin da ya fita, amma allurar fa, kwalbar fa, wa aka yi wa kafin ke, kuma in kwalabe uku ne a injin ba suna ya aka yi ta san wacce ce taki? A jihar Niyu Meziko ta Amurka an rufe wani wurin gyaran fata a 2018 saboda irin wannan aikin da jini ba lasisi, an samu kwalaben jini ba suna a firij tare da abinci, kuma a Afrilun 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto cewa aƙalla mata 3 sun ɗauki ƙanjamau daga wurin, mai wurin har gidan yari ta je. Amurka fa kenan da suke da masu bin diddigi. Sannan gira ba kamar ƙeya ba ce, jijiyoyin jinin da ke tsakanin gira da saman ido a haɗe suke da wadda ke ciyar da idon kansa, an samu waɗanda aka yi wa allurar PRP a wannan yankin suka rasa ganin ido ɗaya bai dawo ba. Ba kasafai ba ne amma in ya faɗo kanki ai ba ruwanki da kasafai. Mai yin wannan aikin sai likita mai rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, an fi so likitan fata, a asibiti, ya ɓare komai sabo a gabanki, kwalbarki da sunanki kuma kar ta bar ɗakin.

Na biki ga shawarata. Daga yau ki ajiye ƙarfen nan da reza, ki gaya wa mai kwalliyarki ta zana kawai kar ta taɓa ko sili ɗaya, in ta ce ba ta iya ba sai da kabin ki canza ta, masu mekof sun fi a ƙirga daga Barnawa har Malali. Kar ki bari a shafa miki dayis a gira dan ta yi baƙi, sinadarin PPD da ke cikinsa yana kumbura wa wasu fata har ta yi ƙuruje ta saɓule, ki yi tunanin wannan ana gobe kamu. Bayan biki da wata 4 ki sake duba abin da ya dawo da kansa, sai ki je wa likita da ragowar. Shi kuma angon ai gara ya san gaskiya tun yanzu, wankan safe ɗaya zai tona komai.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni shekarata 52 ban taɓa aske gira ba a rayuwata, amma shekara biyu kenan tana zubewa yanzu kusan babu, gashin gaban goshina ma yana ja baya kamar ana turawa, kuma fuskata ta yi duhu-duhu a kumatu da goshi. 'Yata ta ce za ta biya min PRP ɗin nan a Abuja. In je?
Hajiya, Malali

AMSA: Hajiya Allah ya yi wa 'yar nan albarka, amma ta riƙe kuɗinta tukuna. Naki ya fi na amarya damuna, dan ke ba ki taɓa girar ba ita ta tafi da kanta, kuma gira ba ta tafiya haka kawai. Abubuwa ukun da kika lissafa, gira, gaban goshi, duhun fuska, ga kuma shekarun ɗaukewar al'ada, sun yi kama da wata cuta da aka fara bayaninta a 1994 a Ostireliya, inda sojojin jiki ke afka wa tushen gashin gaban kai da na gira su kashe shi su bar tabo, kuma a wurin mata masu baƙar fata tana yawan zuwa da wannan duhun. Sau da yawa gira ce ke fara tafiya kafin kan. Ba zan yanke miki hukunci ta waya ba, likitan fata ne zai duba da madubinsa, wani lokacin ya ɗan yanki fata a gwada. Amma in ita ce to tseren lokaci ake yi, wanda ya mutu ya mutu, aikin shi ne a ba ki maganin da zai kwantar da wutar a ceci wanda ya rage, kuma duk watan da kika ɓata wajen zuba taki wutar na ci gaba da ci. Mutane kan ce ai ɗaurin ɗankwali ne ko kitso mai ja, eh suna cin gaban goshi amma ɗankwali ba ya cin gira.

Ki nemi a tura ki wurin likitan fata, ko nan asibitin Barau Dikko ko na Shika a Zariya. Ki ce a duba miki tayirod ma, ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, in ya yi sanyin aiki yana zubar da wutsiyar gira tare da kasala, jin sanyi, ƙiba ba dalili da bushewar fata, kuma ƙwaya ɗaya kullum da safe ke gyara shi. Akwai kuma wadda ba a son faɗa amma dole in faɗa dan sauran masu karatu, kuturta ma tana farawa wasu da zubewar gira daga gefe, musamman in akwai wani tabo a jiki da ya yi haske kuma ba a jin taɓawa a wurin. Tana warkewa sarai da magani, kyauta ake bayarwa tun 1995 ta hannun WHO, kuma cibiyar ƙasa ta tarin fuka da kuturta tana nan Saye kusa da Zariya, ba sai an je wata ƙasa ba.

TAMBAYA: Anti na haihu wata huɗu kenan gashina yana zuba kamar me har gira ta yi shara-shara, zan iya yin allurar ina shayarwa?
Mai jego, Rigasa

AMSA: Barka da arziki, Allah ya raya. Ba kya buƙatarta. Lokacin ciki gashi yana ƙin zuba, bayan haihuwa da wata 2 zuwa 4 sai ya biya bashin gaba ɗaya, yawanci kafin yaro ya shekara ya daidaita. Abin da za ki yi ki je a auna jininki, dan ƙarancin jini bayan haihuwa ya yi mana yawa kuma yana tsawaita zubar, ki koma shan jajayen ƙwayoyin nan na awo da na san kin watsar tun ranar suna, ki ci hanta da ƙwai da wake da zogale, kunun kanwa kaɗai ba zai yi ba. Kar ki shafa minoxidil, maganin nan na tsirar da gashi, yanzu ko da an ce miki yana aiki.

TAMBAYA: Salam Anti, ni namiji ne a yi haƙuri na shigo filin mata. Wani wuri ne ya ɓule min a gemu kamar kwabo sumul, bayan sati uku rabin girar hagu ma ta tafi, ba ƙaiƙayi ba zafi. An ce sammu ne wasu sun ce makero, mai kyamis ya ba ni wani kirim ba canji. PRP zai yi?
Wani ɗan'uwa, Tudun Wada

AMSA: Malam filin na kowa ne, maza ma ai suna da gira. Makero yana zuwa da ƙaiƙayi da ɓarɓashi da gutsurarren gashi kuma ya fi kama yara. Naka mai sumul kamar kwabo ya fi kama da wanda likitoci ke kira alofeshiya ariyata, shi ma sojojin jiki ne suka rikice amma abin daɗin ba sa kashe tushen, sa shi barci suke yi, shi ya sa wasu yake dawo musu da kansa cikin shekara, wani lokacin ya fara fitowa fari kafin ya yi baƙi, sai mai maganin sammu ya karɓi godiya. Abin da aka fi sani da aiki a nan allurar sitiroyid ce 'yar kaɗan da likitan fata ke yi a cikin wurin duk bayan sati 4 zuwa 6, ta fi PRP araha kuma ta fi shi tarihi. An gwada PRP a wannan cutar wasu sun samu sauƙi amma ba shi ake farawa da shi ba. Masu tsananin da ya cinye kai da gira da gashin ido kuma yanzu akwai ƙwaya, baricitinib, da Amurka ta amince da ita a Yunin 2022, mai tsada ce kuma sai da gwaje-gwaje. Ka daina goga tafarnuwa a wurin in ka fara, na san za a ce ka yi, ƙona fata take.

TAMBAYA: Anti in mutum ya ga likita an ce tushen na nan da rai, wanne ya fi tsakanin allurar da man shafawa? kuma ya hukuncinsa a addini tunda an hana taɓa gira.
Wata 'yar'uwa, Badarawa

AMSA: Ni da kuɗina da na shafawa zan fara. Minoxidil mai kashi 2 cikin ɗari an gwada shi a gira a Tailan, gefe ɗaya magani gefe ɗaya ruwan banza na sati 16, gefen maganin ya fi cika. Ɗan kaɗan ake ɗigawa a auduga mai tsinke a bi girar, in ya gangaro kumatu nan ma gashi zai fito kuma ki kiyaye ido. Akwai bimatoprost wanda asalinsa maganin hawan jinin ido ne, aka lura masu ɗigawa gashin idonsu na tsawo, sai a 2008 aka fitar da shi da sunan Latisse dan gashin ido, likitoci suna ba da shi a gira ma, sai dai yana iya duhunta fatar wurin, shi kam da takardar likita. Duka biyun in kin daina ribar na tafiya, kuma ki duba lambar NAFDAC dan jabu ya cika onlayin. Man zurma da na habbatus sauda suna sa gashin da ke nan ya yi laushi da sheƙi ya rage karyewa, amma ba su tsirar da sabo. In wata 4 zuwa 6 sun wuce ba ki gamsu ba sai a yi maganar ƙara PRP a kai, shi ma ba ga mai ciki ba, ba ga mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ba, ba ga mai kansar jini ko ƙuruje a wurin ba. Mai sikila da wadda fatarta ke yin tabo mai tudu in ta huda kunne su gaya wa likita tun farko. A bar ibuprofen da diclofenac kwanaki kafin zama dan suna kashe wa filatilet kuzari, kuma in kin tashi daga maleriya ki jira ki murmure dan tana rage yawansu, a ɗebi jinin da ba komai a ciki ki biya kuɗin banza. Wadda tushenta ya mutu kuma sauran dashe, a ciro gashi daga ƙeya a dasa sili-sili kamar yadda ake zuwa yi Turkiyya da Masar da Indiya, amma ki sani halin gashin kai zai ci gaba da yi, tsawo zai ta yi sai kin riƙa datsewa da almakashi har ƙarshen rayuwa.

Na addini kuma, hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi magana ne kan mai tsige gira da wadda ake tsige wa, da mai zanen da ake cusa tawada a cikin fata da wadda ake yi wa, shi ya sa malamai da yawa suke hana maikurobiledin ɗin nan da ake yayi tunda tawada ce ake tsagawa a saka. PRP da minoxidil ba cirewa ake ba kuma ba tawada, neman dawo da abin da ya zube ne. Amma ni ma'aikaciyar lafiya ce ba malama ba, ki kai wa malamar Islamiyyarku bayanin yadda na yi shi nan, jini daga hannunki zuwa girarki ba a haɗa da na kowa ba, ki kuma tambaye ta batun yin sa da azumi a baki tunda akwai ɗibar jini a ciki.